Grace Hopper (1906-1992): Rayuwarta da Yadda Ta Gina Manhajar Kwamfuta Daki-Daki

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Sabon Tasha, ya san yadda ma'aikaci kan gina gidansa. Ba kasafai ake samun wanda ya tayar da gida gaba ɗaya cikin shekara guda ba. Tun zamanin da masaƙun Kakuri ke cikin ganiyarsu, mutum kan sayi fili ne ya yi ciki da falo ya tare da iyalinsa, bayan shekara biyu ya ƙara ɗaki, in iyali sun yawaita ya ƙara wani, wata rana kuma ya fitar da shago ta bakin titi. Zaman da ya yi cikin gidan shi ke nuna masa inda ruwa ke kwanciya da damina da ɗakin da rana ke duka da bazara, sai ya gyara. Sai dai akwai abubuwan da in an kuskure su tun farko, gyaransu sai da rushe-rushe, wato ƙarfin harsashi, da inda aka sa ƙofar gida, da tazarar da aka bari tsakanin rijiya da masai.

Ginin manhajar kwamfuta ma haka yake. Ɗalibin kwalejin ilimi ya fi sanin kalmar manhaja da ma'anar tsararren abin da za a koyar a makaranta. A fagen kwamfuta kuwa, ana nufin jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta aikata wani aiki. Yadda aka rarraba manhaja sassa-sassa, da yadda sassan ke hulɗa da juna, shi ne tsarin gininta. Matsalar da ta daɗe tana ci wa masana fannin tuwo a ƙwarya ita ce, ta yaya za a tsara gini alhali ba a gama sanin abin da masu shiga za su buƙata ba? Rayuwar Grace Hopper, malamar lissafi kuma hafsar sojan ruwan Amurka, tana cikin amsoshin farko da aka bayar a aikace.

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Grace Brewster Murray a birnin Niyok na ƙasar Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ita ce babba cikin 'ya'ya uku na Walter Fletcher Murray, wanda ke sana'ar inshora, da matarsa Mary Campbell Van Horne. An ruwaito cewa tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da ke motsa shi, da ta kasa mayar da shi sai ta bi sauran agogunan gidan tana kwancewa, har sai da ta kai bakwai kafin mahaifiyarta ta farga ta iyakance mata guda ɗaya.

Tana da shekara goma sha shida ta nemi shiga Kwalejin Vassar, wadda a lokacin ta mata ce zalla, amma aka ƙi ɗaukar ta saboda makinta na Latin bai kai ba. Ta sake shiri ta shiga a shekarar da ta biyo, ta kammala a 1928 da digiri a fannin lissafi da fiziks. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, inda ta sami digiri na biyu a 1930, da digirin digirgir a lissafi a 1934 ƙarƙashin kulawar Øystein Ore. A 1930 ta auri Vincent Foster Hopper, malamin adabi. Auren ya mutu a 1945 ba tare da haihuwa ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta.

Tun 1931 ta fara koyar da lissafi a Vassar, kuma ta shafe fiye da shekara goma tana wannan aiki. Akwai wata ɗabi'arta ta koyarwa da ya kamata malamin gobe ya lura da ita. Takan sa ɗalibanta su rubuta insha'i kan wata ƙa'idar lissafi, sannan ta bi rubutun da jan biro tana gyara kura-kuran harshe kamar yadda take gyara na lissafi. Ɗaliban kan yi ƙorafin cewa lissafi suka zo koyo, ita kuwa ra'ayinta shi ne lissafin da mutum ba zai iya bayyana wa wani ba bai amfane shi da komai ba. Wannan ra'ayi shi ne ya bi ta har cikin ɗakin kwamfuta.

Yaƙi da Na'urar Mark I

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disambar 1941, Grace ta nemi shiga rundunar sojan ruwa. Aka ƙi ta bisa dalilai uku: shekarunta sun haura ƙa'ida, nauyinta ya gaza da kusan kilo bakwai, kuma hukuma na ganin malamin lissafi ya fi amfani a aji. Ta nace har aka yi mata sassauci, ta yi rantsuwar shiga rundunar ko-ta-kwana a Disambar 1943. Ta fito ta ɗaya a ajinsu na horon hafsoshi, aka tura ta Jami'ar Harvard a tsakiyar 1944 don ta yi aiki ƙarƙashin Kwamanda Howard Aiken.

A can ta tarar da Mark I, na'urar lissafi da kamfanin IBM ya ƙera bisa tsarin Aiken. Tsawonta ƙafa 51 ne, tsayinta ƙafa 8, nauyinta kimanin tan biyar. Takan yi tarawa uku cikin daƙiƙa guda, ninkawa kuwa sai ta ci daƙiƙa shida. Umarninta ana huda shi ne a jikin doguwar takarda, na'urar ta riƙa karanta hujin layi-layi. Da ita aka riƙa lissafin jadawalin harba manyan bindigogi, kuma a kanta John von Neumann ya gudanar da wasu lissafe-lissafen aikin bam ɗin nukiliya a 1944. Grace ta tarar da samari biyu, Robert Campbell da Richard Bloch, sun riga ta fara rubuta wa na'urar umarni. Aiken bai yi murna da aka turo masa mace ba, amma ba a daɗe ba ta zama abin dogaronsa, har ya ɗora mata rubuta littafin jagorar sarrafa na'urar, mai shafi fiye da ɗari biyar, wanda aka buga a 1946.

A wannan ɗaki ne ta ga matsalar da za ta ci sauran rayuwarta. Kowane mai rubuta umarni yana da littafinsa na aljihu inda yake adana 'yan guntayen umarnin da ya riga ya gwada ya ga suna aiki, alal misali guntun da ke fitar da saiwar lamba. In wani na bukata sai ya ara ya kwafa. To amma kwafar hannu ba ta rasa kuskure, harafin B kan koma 13, kuma duk guntun da aka ɗauko sai an sake lissafa adireshin kowane gurbi na ma'adanar na'ura da zai zauna a ciki, nan ma a yi ta tuntuɓe. Grace ta lura cewa ayyukan nan biyu da ke kayar da mutane, wato kwafa da tarawa, su ne na'ura ta fi kowa gwaninta a kansu.

Akwai wani labari da ake yawan jingina mata, cewa ita ta ƙago al'adar kiran kuskuren kwamfuta da sunan ƙwaro. Abin da ya tabbata shi ne, a ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan na'urar Mark II sun ciro wani ƙwaron dare dangin malam-buɗe-littafi da ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aiki. Injiniyoyi kuwa sun daɗe suna kiran tangarɗar inji da wannan suna, tun zamanin Thomas Edison. Grace gwanar ba da labari ce, ta yi ta maimaita shi a laccocinta har ya zama nata.

Daga A-0 Zuwa A-2

Da yaƙi ya ƙare ta nemi zama cikakkiyar soja, aka ce shekarunta sun wuce. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ta ƙi, ta ci gaba da zama Harvard har 1949, lokacin da ta koma kamfanin Eckert da Mauchly a Filadelfiya, masu ƙera kwamfutar UNIVAC. Shekarar ba ta zo mata da sauƙi ba. Marubucin tarihinta Kurt Beyer ya nuna cewa ta yi fama da shan barasa da ƙuncin rai, har 'yan sanda suka taɓa tsare ta a ƙarshen 1949, kafin abokai su tsaya mata ta farfaɗo. Littattafan yara kan tsallake wannan, amma babba ya kamata ya san cewa aikin da ya ɗaukaka ta ya zo ne bayan wannan faɗuwa. Kamfanin ma ya shiga matsalar kuɗi, Remington Rand ya saye shi a 1950. An miƙa UNIVAC ta farko ga hukumar ƙidayar Amurka a 1951.

UNIVAC ta sayarwa ce, kuma duk wanda ya saya sai ya nemi masu rubuta mata umarni, ga shi ba su da yawa a duniya. Wata abokiyar aikinta, Betty Holberton, ta rubuta manhajar da ke samar da wasu manhajoji na jera bayanai, abin da ya tabbatar wa Grace cewa na'ura na iya taya mutum rubutun. Tsakanin ƙarshen 1951 da watan Mayun 1952 sai ta rubuta manhajar da ta kira A-0. Ta tattara guntayen umarnin da aka gwada a kan tef ɗin maganaɗisu, ta ba kowane lambar kira. Mai aiki zai rubuta lambobin guntayen da yake so da alkaluman da za su yi aiki a kai, ita kuwa A-0 ta ɗauko su daga tef, ta kwafa, ta daidaita adireshi, ta ɗinke su su zama manhaja guda. Ta ba wannan nau'in manhaja wani suna na Ingilishi mai ma'anar mai harhaɗawa, domin ta kwatanta aikin da na mai bincike da ke tattaro bayanai daga ɗakin karatu.

A-0 ba kammalallen abu ba ne, kuma mai ita ta san haka, sifirin da ke cikin sunan ma ya isa shaida. Ma'adanar UNIVAC gurbi dubu ɗaya kacal gare ta, saboda haka A-0 kan bi umarnin mai aiki sau ɗaya ne tak daga sama zuwa ƙasa. Nan wata matsala ta taso. In umarni ya ce a koma baya zuwa wani wuri, babu wahala, don an riga an san adireshin wurin. In kuwa ya ce a tsallaka gaba, wurin da za a sauka ba a kai ga rubuta shi ba tukuna, balle a san adireshinsa. Grace ta ce maganin ya zo mata ne daga ƙwallon kwando da ta buga tana ɗaliba. A tsohuwar dokar wasan mata ba a gudu da ƙwallo, sai dai 'yar wasa ta jefa wa wata da ke gaba, ta sheƙa ta wuce, a jefo mata. Sai ta keɓe wani lungu a ƙarshen ma'adana, duk tsallaken gaba a fara jefa shi can ya jira, in an iso wurin saukar a rubuta adireshinsa a lungun. Dabara ce ta wucin gadi, irin tokarar da magini kan yi wa rufi kafin ya sami azara, amma ta sa abin ya tashi ya yi aiki.

Da aka gwada, aikin da ya ci wa ƙwararru fiye da sa'o'i goma sha huɗu da hannu, A-0 ta taimaka an gama shi ƙasa da sa'a guda. Duk da haka mutane ba su rungume ta ba. Manhajar da take fitarwa ta fi ta hannu nauyin gudu, a zamanin da lokacin na'ura ya fi lokacin mutum tsada nesa ba kusa ba. Wasu ƙwararrun kuma suna ganin za a raba su da abincinsu. Ga shi har yanzu lambobi ake rubutawa, masu wuyar haddacewa. Masana na yau ma sukan ce A-0 ta fi kusa da mai ɗinke guntaye fiye da tafinta na sosai.

Abin da Grace ta yi da waɗannan koke-koke shi ne zuciyar tarihinta. Ba ta tsaya kare A-0 ba, ba ta kuma shiga ɗaki ta rufe ƙofa don ta fito da cikakken abu bayan shekara biyar ba. Ta tara 'yan matasa, cikinsu har da Margaret Harper da Richard Ridgway, suka fitar da A-1 a farkon 1953, suka biyo da A-2 cikin shekarar. A cikin A-2 an bar tsohon injin harhaɗawa a inda yake, aka ɗora wani sabon mataki a gabansa. Mai aiki zai rubuta gajerun kalmomi masu sauƙin tunawa, matakin farko ya juya su zuwa siffar da tsohon injin ya sani, shi kuma ya ƙarasa aikin. Ke nan an ƙara ɗaki ba tare da an taɓa harsashi ba.

Daɗin daɗawa, ta yi wani abin da ba a saba gani ba. Ta raba wa masu amfani da UNIVAC ainihin rubutun A-2, ta gayyace su su gyara abin da bai yi musu ba, su aiko mata. Ma'aikatun gwamnati da na soja suka yi ta aiko da gyare-gyare, cikinsu har da na Nora Moser ta hukumar taswirar rundunar sojan ƙasa, aka riƙa zuba masu amfani cikin fitowa ta gaba. Malamin da ya taɓa gwada sabon darasi a aji, ya ga inda yara suka yi tsuru-tsuru, ya koma gida ya sake tsara shi, zai gane hikimar. Mai zama cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A 1954 kamfanin ya naɗa ta shugabar sashen da aka buɗe musamman don wannan aiki.

FLOW-MATIC

Daga A-2 reshe biyu suka fita. Na farko na masu lissafin kimiyya ne, wanda ya haifar da ARITH-MATIC da MATH-MATIC. Wannan reshe bai yi nisa ba, domin harshen FORTRAN da John Backus da jama'arsa suka fitar a IBM a 1957 ya shafe shi. Grace ba ta ɓata lokaci wajen jayayya ba, hankalinta ya riga ya koma kan reshe na biyu.

Hulɗa da masu sayen UNIVAC ta nuna mata cewa yawancinsu ba masana lissafi ba ne. Akantoci ne da ma'aikatan inshora da masu biyan albashi da masu lura da sito, mutanen da alamomin aljabara ke firgita su. Tun ƙarshen 1953 ta ba da shawarar a bar su su rubuta umarni da kalmomin Ingilishi na yau da kullum, shugabanninta suka ce kwamfuta ba ta jin Turanci. A farkon 1955 ita da jama'arta suka rubuta ƙaramin samfuri mai 'yan kalmomi kaɗan, gani ya kori ji. Don ta nuna cewa a wurin na'ura kalma alama ce kawai, sai ta sa aka gudanar da umarnin da Faransanci da kuma Jamusanci. Wannan ya tayar wa shugabannin hankali maimakon ya burge su, dole ta janye ta tsaya kan Ingilishi. Samfurin shi ya girma ya zama B-0, wanda aka sa wa sunan kasuwa FLOW-MATIC, ya isa hannun masu saye a 1958.

Mutane sun fi tuna FLOW-MATIC da kalmomin Ingilishi, amma a ganin mai wannan rubutu babbar gudummawarsa tana cikin tsarin gininsa ne. An raba bayanin siffar bayanai daban, umarnin abin da za a yi da su daban. A ɗauki misalin takardar sakamakon jarrabawa. Fasalin takardar, wato gurbin suna da na lambar ɗalibi da na makin kowane darasi, abu ɗaya ne. Ƙa'idar tara maki da fitar da na ɗaya da na biyu kuma wani abu ne dabam. In an cakuɗa su wuri guda, ranar da aka ƙaro sabon darasi sai an bi dukkan lissafin an warware. In kuwa an raba su, gyara ɗaya ya wadatar. Wannan rabuwa ba ta zo wa Grace rana ɗaya ba, shekaru shida na gini da sauraron ƙorafi ne suka nuna mata inda manhajar ofis ta fi yawan canzawa, sai ta sa katanga daidai wurin.

COBOL: Ginin Wucin Gadi da Ya Zama na Dindindin

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 kowane kamfani na ƙoƙarin fito da nasa harshen. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ke sayen kwamfutoci daga kamfanoni daban-daban, ta ga cewa duk sa'ad da ta canza na'ura sai an sake rubuta komai daga farko. A watan Afrilun 1959 Mary Hawes ta kamfanin Burroughs ta kira wani ƙaramin taro a Jami'ar Pennsylvania, Grace na cikin mahalarta, suka roƙi ma'aikatar ta jagoranci samar da harshe guda na ayyukan ofis. Aka yi babban taro a Pentagon ranakun 28 da 29 ga Mayu ƙarƙashin Charles Phillips. Shirin shi ne a kafa kwamiti uku. Na gajeren zango zai fito da abin riƙon ƙwarya cikin 'yan watanni, na matsakaici da na dogon zango su zauna a tsanake su tsara harshe na ƙwarai. Abin da ya faru kuwa, na riƙon ƙwaryar ne kaɗai ya haifar da harshe, aka amince da shi a Janairun 1960 da sunan COBOL.

A nan akwai buƙatar adalci. Ana yawan kiran Grace uwar COBOL, alhali ba ta cikin mutum shidan da suka zauna suka rubuta daftarinsa, wato William Selden da Gertrude Tierney da Howard Bromberg da Norman Discount da Vernon Reeves da Jean Sammet. Ita mai ba da shawara ce ga kwamitin zartarwa, kuma Sammet ta sha gyara wannan kuskure a rubuce-rubucenta. Abin da ba a musu a kai shi ne, cikin harsunan da kwamitin ya duba, FLOW-MATIC ne ya riga ya yi aiki a ofisoshi na gaske, saboda haka shi ya fi tasiri. COBOL ya gaji tsarinsa ya faɗaɗa shi zuwa sassa huɗu: sashen sunan manhaja, sashen bayanin na'urar da za a yi aiki a kanta, sashen siffar bayanai, da sashen umarni. Hikimar sashe na biyu ita ce, duk abin da ya keɓanci wata na'ura an killace shi wuri guda, in an sauya na'ura shi kaɗai za a taɓa.

Ba kowa ya yi zaton abin zai rayu ba. Bromberg da kansa ya sayi dutsen kabari aka sassaƙa sunan COBOL a jiki, ya aika wa Phillips. Amma a ranakun 6 da 7 ga Disamba, 1960, aka gudanar da manhaja guda a kan kwamfutar RCA da ta UNIVAC da 'yan canje-canje kaɗan, sakamako ya fito iri ɗaya. Daga nan aka shiga gyara: an sake fitar da shi a 1961 da 1965, aka yi masa ma'auni na ƙasa a 1968, aka sabunta a 1974 da 1985.

Gini daki-daki yana da nasa haɗarin, kuma COBOL bai tsira ba. Kowane zagaye na ƙara masa kalmomi har ya yi kumburi, kuma Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, ya yi masa suka mai zafi a 1975, yana ganin koyar da shi cutar da ɗalibi ne. Haka nan masu rubuta manhaja na wancan zamani, don tsimin gurbi a katin da bai wuce harafi 80 ba, sukan rubuta shekara da lamba biyu, 65 a maimakon 1965, da zaton za a yar da manhajar kafin ƙarni ya juya. Ba a yar ba, aka yi ta ɗora sabon gini a kai. Da shekarar 2000 ta gabato, gwamnatoci da bankuna suka kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen bin tsofaffin manhajoji layi-layi. Irin rijiyar nan ce da aka haƙa kusa da masai tun gidan yana ɗaki biyu.

Komawa Soja da Ƙarshen Rayuwa

A ƙarshen 1966 dokar shekaru ta tilasta mata ritaya daga rundunar ko-ta-kwana da muƙamin kwamanda. Bayan wata bakwai, a Agustan 1967, aka sake kiran ta aikin wata shida, wanda ya zarce kusan shekara ashirin. Dalili shi ne kowane kamfani ya yi wa COBOL ƙarin gishiri irin nasa, har karin harshen ya rarrabu, manhajojin rundunar ba sa jin juna. Daga 1967 zuwa 1977 ta shugabanci sashen harsunan kwamfuta na rundunar, inda suka rubuta jerin manhajojin gwaji da za a auna tafintan kowane kamfani da su kafin a saya. Wannan ne ya cike giɓin da ke cikin salonta na farko, domin wanda zai riƙa sauya gini kullum yana buƙatar magwaji da zai tabbatar masa cewa gyaran yau bai karya na jiya ba. Daga baya hukumar ma'aunai ta ƙasar ta karɓi gudanar da gwaje-gwajen.

Tun shekarun 1970 take kira da a daina dogaro da ƙatuwar kwamfuta guda a tsakiya, a koma ga ƙanana masu yawa da aka haɗa su suna aiki tare. Takan buga misali da manoman da, waɗanda in gungume ya fi ƙarfin sa guda sukan ƙaro na biyu ne, ba sa jiran su yi kiwon wanda ya fi girma. A laccocinta takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kimanin santimita 30, iyakar tafiyar da haske zai yi cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, sannan ta ɗaga wani nadin waya mai kusan mita 300, tafiyar kashi ɗaya bisa miliyan, don masu rubuta manhaja su ga abin da suke zubarwa in sun yi sakaci. Ɗalibin da ya karanci darasin kayan koyarwa zai ga cewa malamar Vassar ba ta taɓa barin aji ba. A ofishinta akwai agogon bango da ke tafiya ta hagu, don tunatar da baƙi cewa sabo da abu ba hujja ba ne. Ita da kanta takan ce, baya ga manhajar harhaɗawa, horar da matasa ne aikin da ta fi alfahari da shi.

An ƙara mata girma zuwa kyaftin a 1973, da kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985. Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a wani biki a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston, tana da shekara 79. Ta ci gaba da aiki da kamfanin Digital Equipment a matsayin mai ba da shawara. A 1991 aka ba ta lambar fasaha ta ƙasar Amurka. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Bayan rasuwarta an sa wa wani jirgin yaƙi sunanta, wanda ya fara aiki a 1997. A 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar 'yanci, a 2017 kuma Jami'ar Yale ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta. A Fabrairun 2001 wasu masana goma sha bakwai suka haɗu a jihar Utah suka fitar da sanarwar da ta yaɗa salon gina manhaja zagaye-zagaye tare da mai amfani da ita, shekara kusan hamsin bayan A-2. COBOL kuwa an sake sabunta ma'auninsa a 2002 da 2014 da 2023. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa kwamfutocin jihar New Jersey yawa, gwamnan jihar Phil Murphy ya fito bainar jama'a yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL.